Kawu da Akwatin Katunansa

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya rasu a asibiti da hantsi, bayan ya shanye shayinsa ya mayar da kofin inda ya ɗauke shi. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya kawo ni Landan, kuma dalilinsa na yi shekaru ina wanke tukwane a ƙarƙashin gidajen abinci. Duka biyun zan faɗa, don shi ma ba ya son a tsallake abu.

Flat ɗinsa da ke Peckham ya cika da masu gaisuwa, har kan matakala. Liman ya ce Kawu ma'aikacin gwamnati ne mai riƙon amana. Gaskiya ne, amma haka yake faɗa a kan kowa. Mata a kicin suna cewa mai gyaran kwamfuta ne, sai wata ta ce anya kuwa, ai ta taɓa kawo masa ta ɗanta, ya jujjuya ta ya miƙo mata ya ce bai san inda ake shiga ba. Wani tsohon abokinsa Kirista, mutumin Filato, ya zauna a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa yana ta maimaita magana ɗaya, wai mutumin nan bai taɓa makara ba. Jikokinsa suka tambayi ubansu da Turanci wane aiki kakansu ya yi. Ubansu shi ne ɗan Kawu, taubashina, a nan aka haife shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "IT, sort of." Daga nan suka koma kan wayoyinsu.

Ranar addu'ar uku liman ya ce a yi wa mamaci Ƙulhuwallahu. A gida da tsakuwa ake ƙirga ta, ko ƙwallon dabino. A bene na huɗu a Peckham babu ko ɗaya, carbi kuma bai ishi mutane ba. Sai maƙwabcin Kawu, wani dattijo mutumin Kumasi, ya shiga ɗaki ya jawo wani dogon akwatin kwali daga ƙarƙashin gado. Cike yake da katuna masu huji-huji. Ya riƙa ɗiba yana miƙa wa mutane, ya ce kowa in ya karanta ya jefa ɗaya a faranti. Ni ina kan hanya a lokacin. Ko da na shigo, katunan da Kawu ya ajiye a jere tun kafin a haife ni suna tule a farantin shinkafa, wasu a ƙasa, yara na firfita da wasu.

Council, hukumar unguwa mai gidan, za ta karɓi flat ɗin, matar Kawu za ta koma wajen ɗanta. Taubashina ya riga ya yi booking ɗin motar masu kwashe tarkace. Ya dubi farantin ya ce da ma bola za su. Wannan akwatin kuwa shi kaɗai ya rage da zai nuna abin da mutumin ya yi da rayuwarsa. Shi ya sa na zauna rubutun nan, ni da ban gama makaranta ba.

Kawu ba mai gyara ba ne. Shi da bakinsa cewa yake, "Ni ɗan kamasho ne, sai dai tashata mota ɗaya ce." Ya zo ƙasar nan yana saurayi don karatun akawu, sai aiki ya same shi a wani ofishi kusa da Charing Cross, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi kamar firji. A can kwamfutar take. Ya ce ta cika ɗakin, kabad-kabad na ƙarfe, ga gurnani. A farkon zamanin, in ji shi, mai aiki yakan yi booking ɗin injin gaba ɗaya, ya zo da katunansa ya zauna shi kaɗai, in ya yi kuskure ya tsaya yana sosa ƙeya, inji mai tsada yana zaune banza. Sai aka ga asara ce. Aka rufe ƙofa, aka buɗe taga, aka sa mutum a ciki. Kawu ke nan. Masu digiri su kawo ƙunshin katuna su miƙa ta taga, su tafi. Shi zai jera ayyukan, ya ɗora faifan tef, ya sa katuna, ya jira aiki ya ƙare, ya yage takardar sakamako, ya share injin, ya sa na gaba. Injin bai san akwai na gaba ba. Kawu ne ya sani.

"Wannan abin da yanzu suke kira operating system," in ji shi, "da ƙafa biyu yake tafiya, yana zuwa aiki a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ni ne."

Dokarsa biyu ce. Wanda ya riga zuwa shi za a fara yi wa. Aikin da aka fara kuma ba a katse shi, ko wa ke tsaye a taga. Yana da labarin wani babba da ya sauko da kansa yana huci, wai nasa na gaggawa ne. Kawu ya ce masa kowa nasa na gaggawa ne, ranka ya daɗe. Na ji labarin nan har ya fita raina.

Daga baya aka zo da ƙaramin shiri da ke zama a cikin injin, in aiki ya ƙare shi ke kiran na gaba. Amma injin in aka kashe shi mantuwa yake, sai an sake ɗura masa shirin kowace safiya, kati bayan kati, a jere. Katunan akwatin nan su ne wannan shirin. Da hannunsa yake tashe shi kullum, alhali ya san rabin aikinsa yake cinyewa. Yakan ce, "Na raini ɗan kamashon da zai kore ni daga tasha." Da aka sake zamani, shirin ya koma zama a faifai ba ya buƙatar kati, sai aka ce a zubar da su. Ya ɗauko akwatin ya hau bas da shi.

Ranar da na sauka a gidansa, ina ɗan shekara goma sha tara, kafin ya nuna mini banɗaki ya nuna mini akwatin. Ya buɗe ya ce in dubi bakin katunan daga sama. Akwai zane da jan alƙalami mai kauri, a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ka san amfaninsa?"

Na ce a'a, Kawu.

"In ƙunshi ya suɓuce ya watse, kowane kati yana ɗauke da ɗigon ja a bakinsa. Ka yi ta gwadawa har zanen ya miƙe. In ya miƙe, kowa ya koma wurinsa. In kati ɗaya ya kauce, aikin duka ya mutu, kuma injin ba zai gaya maka wanne ba ne."

Ya zare kamar cikin tafin hannu ya barbaza a tabarma ya ce in mayar. Ina jin yunwa, ina jin barcin jirgi. Bai bari an kawo abinci ba sai da zanen ya miƙe.

Haka yake tafiyar da gida. In kana masa magana wani ya sa baki, ba ya ko juyawa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Matarsa ta taɓa tsayawa a kansa tana son gaya masa tukunya ta kama da wuta, yana sauraren mai karanta mita, yatsan nan a sama. Har yau tana ba da labarin, wani lokaci da dariya, wani lokaci ba dariya. Ba ya cin tuwo yana magana. Ba ya sauraren rediyo yana aski. Duk wanda ya kawo masa buƙata, amsarsa ɗaya ce: "Na sa ka a layi." Mutanen titin Rye Lane da ke unguwarsu sun san in ya faɗi haka an gama, ko da za a daɗe. Cike takardun council, raka mutum asibiti, fassara a gaban hukuma, duk yana yi, bai taɓa karɓar ko kwalbar lemo ba. Amma bi da bi.

To, ga nawa layin. Takardar zamana ta ɗalibi ta zo ƙarewa, aka ba ni rana a ofishin shige da fice na Croydon. Kawu ne mai ɗaukar nauyina, ana son ya zo da kansa da shaidunsa. Ranar ta zo mini a ƙurarren lokaci, na gaya masa. Ya ce wannan safiyar ya riga ya yi wa maƙwabcinsa alkawari, mutumin Kumasin nan dai, zai raka shi council kan bututun da ke yoyo a banɗakinsa.

Na ce, "Kawu, bututu fa."

Ya ce, "Ya riga ka."

Mutumin da kansa ya leƙo ya ce da irin Hausarsu, "Alhaji, bi yaro. Ruwa ne kawai, matata zai tara bokiti." Kawu ya ɗaga masa yatsa. Ya ce za su gama da wuri, zai same ni a can.

Ba su gama da wuri ba. Na zauna ina kallon ƙofa har aka kira ni. Ma'aikacin bai yi mini wulaƙanci ba, aikinsa ya yi. Ya tambayi mai ɗaukar nauyi, na ce yana hanya. Ya tambayi shaidu, na ce suna hannunsa. Ina fitowa na hangi Kawu yana tahowa daga tasha da jakarsa, ba ya ko sauri. Kafin a sake ba ni wata rana takardar ta mutu, makaranta ta cire sunana, abu ya bi abu. Abin da ya biyo baya ba na ta'aziyya ba ne. Na dai wanke tukwane, na kwana a ɗakunan da ba a kunna fitila, na koyi sauya hanya in na ga mai kaki. Taubashina kuwa ya yi jami'a. Hausar da ta rage a bakinsa ita ce ta tsokana, in ya gan ni ya ce, "Bawana, ya aiki?" Ɗan namiji ne, al'ada ta ba shi. Ni ma ina ramawa, in ce ubangidan da bai iya cin tuwo da hannu ba. Amma wani lokaci kalmar takan zauna mini.

Kawu bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Sau ɗaya muka yi maganar, bayan shekaru, lokacin ofishinsu ya riga ya sallame shi. Abin da ya kore shi shi ne tsarin da ya zo daga baya, wanda inji ɗaya ke yi wa mutane da yawa aiki a lokaci guda. Kowa na zaune a teburinsa da allo da madannai, injin ya ba wannan ƙiftawar ido, ya ba wancan, ya zagayo, da saurin da kowa zai ɗauka shi kaɗai ake saurare. Babu taga, babu mai miƙa kati. Kawu ya tsani abin. Ya ce munafunci ne, mutum ya ce wa kowa kai ne nawa. Yana cikin yi mini wannan bayani, da yake ya iya bayani, sai ya ce wai har an koya wa injin in abu mai muhimmanci ya taso ya ajiye na hannunsa, ya je ya yi, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na ce, "Ashe ƙarfe ma ya gane akwai gaggawa."



Na ƙara da cewa, "Ƙarfe ya koya, Kawu. Kai ne ba ka koya ba."

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Kai, da kawun naka?" Shi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injin yana iya ajiye aiki ya dawo ya same shi yadda ya bar shi. Ni in na ajiye alkawari ban san yadda zan same shi ba." Na tashi na fita. Na daɗe ban taka gidan ba. Mutumin Kumasi kuwa tun ranar Croydon na daina gaishe shi, ko da na san ba shi da laifi. Ganinsa ne ba na so.

Ana haka mahaifiyata ta rasu a gida. Ba ni da takardar da zan fita in dawo. Ina bakin aiki, hannuna cikin kumfa, aka ce wani tsoho na nemana a ƙofar baya. Kawu ne, da ƙaramar jaka. Ƙanwarsa ce ta rasu, amma ni ya fara yi wa gaisuwa. Sannan ya ce, "Zan je in zauna a wurinka." Yana da aikin ido da ya daɗe yana jira a asibiti, ya yi cancel ɗinsa saboda tafiyar, bai gaya mini ba, daga bakin matarsa na ji. Ya je ya zauna a tabarmar makoki inda ya kamata in zauna, duk wanda ya tambayi inda nake sai ya ce masa ga shi nan, ni ne shi. Ya dawo da mayafinta a leda ya ajiye mini. Ban sani ba ko ya koyi katse aiki ne, ko kuwa a lissafinsa ita ta riga likitan ido da shekara sittin. Ban tambaya ba.

Da takarduna suka gyaru, kowace rana aka ba ni a Croydon, shi nake tararwa a bakin ofishin kafin a buɗe, da jakar nan. Ba a ma buƙatarsa a lokacin. Na ce masa ya daina. Ya ce, "Na sa ka a layi." Na ce layin ya wuce tun tuni. Ya ci gaba da zuwa.

Kwamfutar tebur ta farko da ya saya mai baƙin allo ce, sai ka rubuta mata umarni ta yi, ta tsaya ta jira. Wannan ya so ta. Ya ce mai ladabi ce, abu ɗaya take yi, ba ta magana sai an yi mata. Da aka koma masu hotuna da ɗan linzamin da ake ja a tebur, ya ce an mayar da tasha kasuwa. Wayar da ɗansa ya saya masa kuwa a aljihun tebur ta ƙare. Ya ce abu ashirin take yi a ɓoye, ba wanda ya san wa ya riga wa.

Washegarin addu'a na kira wurin aiki na ce ba zan zo ba. Bas nake tuƙawa yanzu. Na zo da safe na juye farantin a tabarma, na tattaro na ƙarƙashin kujeru, na karɓe na hannun yara. Wasu sun sha mai, wasu sun lanƙwashe. Ban iya karanta hujin ba, ban taɓa iyawa ba, kuma na san injin da zai karanta su sai dai a gidan tarihi. Ɗigon ja kawai nake bi.

Taubashina ya shigo ya tsaya a kaina. "Bawana, what's this? Van ɗin na zuwa anjima."

Na ce, "Su fara da kujeru."

"It's rubbish. Ko shi Baba bai yi amfani da su ba tun ina yaro."

"Ubangida, matsa, kana tare mini haske."

Matar Kawu tana zaune a gefe cikin takaba. Ta ce da ɗanta, "Ƙyale shi. Ba ka ga yatsan ba?" Sai a lokacin na lura na ɗaga shi. Na sauke.

Masu kwashe kaya suka zo suka fitar da gado, da kabad, da tsohuwar kwamfutar mai baƙin allo. Ita ban hana ba, ɗakina ba wuri. Ni dai ina ƙasa ina gwada kati, in ɗaga ƙunshi in duba bakinsa, in zare in sake. Taubashina ya gaji da tsayuwa ya tsuguna, ya fara ware mini masu ɗigo a gefen hagu da na dama, ba tare da na ce ya yi ba. Da la'asar zanen ya miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, sai wuri ɗaya wajen tsakiya da ya yi tsalle. Akwai waɗanda babu.

Na san inda zan tambaya. Na haye baranda na ƙwanƙwasa ƙofar da na yi shekaru ina wucewa. Mutumin Kumasi ya buɗe. Ya tsufa ƙwarai, ban lura ba sai da na tsaya kusa da shi.

Na ce, "Baba, ina wuni. Ya haƙuri."

Ya dube ni ya ce, "Yau ka gan ni?"

Na ce katuna nake nema. Na gaya masa abin da suke, da abin da ya yi musu. Ya riƙe baki. Ya ce shi ya ɗauka takardun banza ne, ya ga sun yi daidai da ƙirga. Ya shiga ya dawo da 'yan kaɗan da ya tsinto a matakala da aljihun mutane, ya ba ni. Ina juyawa na ga wasu a aljihun rigarsa, bakinsu da ja.

Na ce, "Da waɗancan."

Ya dafe aljihun. "Wannan rabona ne. Ban gama karanta masa ba. Bakina ba ya sauri yanzu."

"Baba, ka ƙirga da carbi mana."

"Da shi na fara. In na gama zan kawo."

 Ya ce, "Bututun nan fa, har yau yana yoyo." Ban san ko dariya yake so in yi ba. Ban yi ba, shi ma bai yi ba.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona yanzu. Motar ta tafi ba da shi ba. Na sa tsinken ashana a inda zanen ya yi tsalle, don in san wurin. Duk katin da ke ciki an karanta wa Kawu Ƙulhuwallahu a kansa, abin da bai taɓa shiga lissafinsa ba. Ban ce na manta Croydon ba, kuma ba zan rubuta ƙarya a kan mamaci don a ce na kyauta ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sa kada a tsayar da shi a can.

Ranar Juma'a nakan bi ta Peckham in ƙwanƙwasa. Tsohon ya buɗe, mu gaisa, ya miƙo mini kati ɗaya, wata rana biyu, wata rana ya ce wannan makon ƙirjinsa ya hana shi. Ba na ce masa ya yi sauri. Ya riga ni.